IN SAUKE INJI KO IN SAYAR DA ITA? ABIN DA YA FARU DA TSOHUWAR MOTATA

Yau labarin mota na zo muku da shi, amma ku yi haƙuri ku bi ni, waya za ta shigo cikin maganar a gaba, kuma ta taka rawa sosai.

Motata Corolla ce ƙirar 2004, 'yar Amurka, mai injin 1.8 ɗin nan da ake kira 1ZZ. Na saye ta a 2016 kan naira miliyan 1.7, kuɗin da na yi kusan shekara uku ina tarawa, har da na adashi a ciki. Ita ta ɗauko ɗana na biyu daga asibiti ranar da aka haife shi. Ita ke kai yara makaranta kullum, ita ke kai Hajiyarmu ganin likita duk ƙarshen wata saboda hawan jini da ciwon gwiwa. Hajiya ba ta iya hawa adaidaita sahu, in ta hau sai ta kwana biyu tana jinyar ƙafa. To kun ga ba motar gayu ba ce, motar hidimar gida ce.

YADDA ABIN YA FARU

A watan Afrilun bara, lokacin da zafi ya kai zafi, ina dawowa daga Zariya zuwa Kano. Na wuce Kwanar Dangora kaɗan sai idona ya kai kan allurar zafin inji, na ga ta haye sama har ta kusa taɓa ja. Abin da ya kamata in yi a fili yake, in gangara gefen titi in kashe mota. Sai na ce a raina bari in lallaɓa zuwa gari na gaba, ai ba nisa. Na ƙara tafiyar kilomita shida ko bakwai. Kafin in tsaya tururi ya fara fitowa ta ƙasan bonet. Ashe tiyon lagireto ne ya fashe, ruwa duk ya tsiyaye.

Kuskure na biyu kuma, da wani yaro ya ɗaure min tiyon, na sayi fiya wata mai sanyi na ɗura wa injin da ke tafasa. Injin 1ZZ na alminiyom ne, samansa da gangar jikinsa duka, shi kuwa alminiyom ba ya shiri da irin wannan wasa. In ya yi zafi fiye da kima yana lanƙwasa.

Gaskiya dai laifin ba na ranar ba ne kawai. Shekaru biyar da suka wuce wani bakanike ya cire min tamostat, wai ƙasarmu da zafi ba ma buƙatarsa, ni kuma na yarda. Ruwan rijiyar burtsatse nake zubawa a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji na kwalba, har cikinta ya yi tsatsa. Wutar cek kuwa ta fi shekara biyu tana kunne, na saba da ita kamar fitilar ɗaki. Kuma tun kafin wannan tafiya motar tana shan baƙin mai, kusan lita ɗaya duk sati uku.

Bayan na dawo gida sai ta fara fitar da farin hayaƙi ta salansa, tana karkarwa in an tayar da ita da safe, ruwan lagireto kuma kullum sai na ƙara. Na kai ta gareji. Bakanikena, wanda muke tare fiye da shekara huɗu, ya saurari injin, ya buɗe murfin mai ya leƙa, ya ce, "Oga, gaskiya injin nan sai an sauke."

HANYA UKU, ALJIHU ƊAYA

Na zauna na rubuta zaɓin da nake da shi a manhajar rubutu ta waya. Farashin da zan faɗa na lokacin ne, kuma abin da aka faɗa mini ne ni, kada wani ya ɗauka haka yake a kasuwa yau.

Na farko, a sauke injin a gyara. Bakanike ya ƙiyasta naira dubu 520, kaya da kuɗin aiki.

Na biyu, in sayi injin Beljiyam a ɗora. Na je Ƙofar Ruwa na zagaya shaguna huɗu, mafi sauƙi da na samu dubu 950. In an haɗa da kuɗin ɗorawa da lagireto da tiyo, abin zai kai miliyan 1.15.

Na uku, in sayar da ita a yadda take. Tayin da ya fi tsoka shi ne miliyan 2.3, kafin a cire la'adar dillali.

Abin da ke asusuna gaba ɗaya dubu 800 ne, kuma dubu 450 a ciki kuɗin hayar gida ne da za a biya bayan wata uku. Da na yi wa maiɗakina bayani, abin da ta fara cewa shi ne, "Baban yara, kuɗin haya fa?" Ban da amsa a lokacin.

Yayana kuwa ko tsayawa lissafi bai yi ba. Ya ce, "Kai dai ka rabu da ita. Injin da aka buɗe ya tashi daga aiki, kullum kana hanyar gareji." Na ce, "Yaya, in na sayar me zan saya?" Ya ce Allah zai kawo wata.

A nan gizo ke saƙar. Da a 2016 ne, da na bi maganar Yaya ba musu. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni na shekarar, lissafin mota ya canza gaba ɗaya. A farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Duk motar da ake shigowa da ita da dala ake sayo ta, kuɗin kwastan ma da farashin dala ake lissafa shi. Na duba Jiji da kasuwar Facebook na kwana uku, irin motata sak, wadda aka gama morewa a nan gida, ana neman miliyan 4 zuwa 4.5. Wato in na sayar a 2.3, sai na nemo ƙarin kusan miliyan 2 kafin in sayi tsohuwar mota irin tawa, wadda ban san ciwon da ke jikinta ba. Tawa kuwa ko ba komai na san inda take ciwo.

SHAWARAR DILLALI

Akwai abin da ya kamata in faɗa ko da ba zai yi min daɗi ba. Wani dillali ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, ai ba sai ka yi ta bayani ba. A zuba mata mai kauri, a sa maganin toshe yoyo a lagireto, a wanke inji, a goge wutar cek. Wallahi sai ta yi sati biyu ba hayaƙi. Miliyan 3.8 zan sayar maka."

Bambancin miliyan 1.5 ne. Ba zan ɓoye muku ba, na kwana da maganar a raina. Abin da ya dawo da ni shi ne na tuna yadda na tara kuɗin motar nan, da adashi da hana kai. Duk wanda zai zo sayen Corolla 2004 ba mai kuɗi ba ne, irina ne, wataƙila shi ma mahaifiyarsa zai riƙa kaiwa asibiti. Algus ne tsagwaronsa, ko da wane suna aka kira shi. Washegari na ce wa dillalin in ma zan sayar, da ciwonta zan sayar. Daga ranar bai sake kirana ba.

Ku kuma masu shirin sayen mota ta hannu, ku riƙe wannan. Abin da aka ba ni shawarar in yi, ana yi wa wasu kullum.

INDA WAYA TA SHIGO

Kafin in kashe ko sisi, na ce sai na san ainihin abin da ya lalace, don "sai an sauke" ba bayani ba ne. Na sayi wata 'yar na'ura da ake kira ELM327, ba ta kai naira dubu 15 ba. Kusan duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 zuwa yau tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, ana kiranta OBD2. Ta nan ake magana da kwamfutar mota. Ga yadda na yi:

1. Na soka na'urar a kafar, na murɗa makulli wuta ta kawo.
2. Na kunna Bluetooth na haɗa ta da waya. In ta nemi lambar sirri, yawanci 1234 ce ko 0000.
3. Na sauke manhajar Car Scanner daga Play Store. Torque Lite ma tana yi.
4. Na shiga wajen karanta lambobin matsala, na ɗauki hoton allon kafin in taɓa komai.

Masu iPhone ku lura, irin mai Bluetooth na gama-gari ba ya haɗuwa da wayarku, sai ku nemi mai WiFi ko wanda aka rubuta yana aiki da iPhone. Kuma in kun gama ku zare ta, don tana iya shan batir in mota ta daɗe a ajiye.

Lambobi uku suka fito min: P0300, P0302 da P0303. Ma'anarsu inji yana tsallake wuta, musamman a silinda ta 2 da ta 3. Wannan ya nuna min inda za a duba, amma na'urar nan ba ta auna lalacewar ƙarfe. Ba za ta gaya maka ringi ya cinye ko gaskit ya ƙone ba. Wannan sai gwajin matsin iska, wanda kanikawa ke kira kwamfireshan.

Bakanikena ba shi da abin awon, sai da muka aro a wani gareji. Ana barin inji ya ɗan yi ɗumi, a cire fulogi duka huɗun, a katse mai da wuta, a ɗaura ma'aunin a ramin fulogi, a take totur har ƙasa a yi ta ba da sitata na 'yan daƙiƙu. Ga abin da muka samu: silinda ta 1 ta ba da 165, ta 2 ta ba da 95, ta 3 ta ba da 90, ta 4 ta ba da 160. A irin wannan injin bai kamata a samu ƙasa da 145 ba, kuma ya kamata huɗun su zama kusa da juna.

Sai muka zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya a kowace silinda muka sake aunawa. Hikimar ita ce, in ringi ne ya cinye, man zai toshe giɓin na ɗan lokaci, awon ya tashi. In kuma bai motsa ba, to iskar ta sama take gudu, ta bawul ko ta gaskit. Ta 1 da ta 4 suka tashi zuwa wajen 185, alamar ringi ya fara gajiya, abin da ya sa take shan mai ke nan. Ta 2 da ta 3 ko gezau. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, yawanci gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu. Maganar waya da ta ma'auni suka zo ɗaya.

Ga kuma ɗan abin da ya kamata kowane mai mota ya sani game da hayaƙi. Shuɗi-shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa.

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne injin ba ya ƙwanƙwasa daga ƙasa, wutar mai ba ta taɓa kamawa ina tafiya ba. Wato akwai alamar karanshaf lafiya lau yake.

SAURAN JIKIN MOTAR FA?

Nan ne mutane da yawa ke yin asara. Sai a zuba dubu ɗari bakwai a inji, bayan wata biyu giya ta ce ga garinku. Don haka na sa aka ɗaga motar muka shiga ƙarƙashinta da fitilar waya. Shasi ba tsatsa, ba alamar walda. Man giya ja ne, ba ya warin ƙuna, kuma tana canza giya ba fizga. Shokozoba na gaba sun gaji, na'urar sanyaya ɗaki ta daɗe da mutuwa, fenti ya ƙoƙe. Duk waɗannan za su iya jira. Takardunta cikakku ne, har da na kwastan.

Mitar tafiyarta tana nuna 238,000. Na daɗe ina ɗauka kilomita ne, ashe motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne da 'yan kai. Wato ta yi tafiyar kusan kilomita dubu 383. Da na gane haka sai na daina jin haushinta, ta yi ƙoƙari.

YARJEJENIYAR DA MUKA YI

Na ce wa bakanike, "Malam, ba zan ba ka kuɗin kaya yanzu ba. Ga kuɗin buɗewa kawai. A buɗe sama mu gani da idonmu. In gangar injin ta lanƙwasa ko ta tsage, mu tsaya nan, in san abin yi." Ya ɗan ɓata rai, yana ganin kamar ban yarda da shi ba, amma ya amince.

Dalilina shi ne, da zarar ka sayi kaya ka shiga rami. Kowane sabon ciwo da aka gano sai ka ce ai na riga na kashe kaza, bari in ƙarasa. Haka wani abokin aikina ya yi, ya fara da dubu 400, ya ƙare ya kashe fiye da kuɗin injin Beljiyam, kuma daga baya Beljiyam ɗin ya saya.

Da aka buɗe, ga gaskit nan ya ƙone tsakanin ta 2 da ta 3 kamar yadda awo ya nuna. Aka kai saman injin wajen masu injin yankan ƙarfe, suka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe suka auna, ya ɗan lanƙwasa amma bai tsage ba, za a iya share shi kaɗan. Gangar injin kuwa lafiya, bangon silinda ba zane mai zurfi. A ranar na yanke shawara, gyara za a yi.

Me ya sa ban ɗauki Beljiyam ba? Na farko kuɗina bai kai ba, sai na ci bashi. Na biyu, injin Beljiyam na wannan ƙirar shi ma ya kai shekara ashirin ko kusa, kuma ba ka san tafiyar da ya yi ba. Garantin da aka ba ni na sati biyu ne kacal. Amma da gangar injina ta lalace, shi zan saya ba tantama. In kun tashi saya, ku buɗe murfin mai ku haska ciki ku ga ko akwai dasƙararren datti, ku cire fulogi ku duba, a juya injin da hannu a gabanku, a rubuta lambar injin da kwanakin garanti a rasit, ku kuma ɗauki bidiyonsa da waya kafin ya bar shagon.

ABIN DA NA KASHE

Ni da kaina na je sayen kaya tare da bakanike. Ringi, metal, cikakken saitin gaskit, robobin bawul, famfon ruwa, sabuwar lagireto, tiyo, fulogi, da tamostat ɗin da aka raba ni da shi shekara biyar. Duk abin da aka saya na ɗauki hoton kwalinsa da rasit, duk abin da aka cire na ce a ajiye min in gani. Na kuma dage sai an ɗaure kusoshin saman inji da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba, don ɗaurin da bai daidaita ba shi ke sake ƙona gaskit.

Ƙiyasin dubu 520 ya koma dubu 690. Abin da ke ɗame sarƙar inji ya gaji, fankar lagireto ma ashe tana aiki tana tsayawa, ga kuɗin masu yankan ƙarfe da ba mu sa a lissafi ba. Duk wanda zai sauke inji ya ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan abin da aka faɗa masa, ya ajiye a gefe.

Kun tuna dubu 350 ne kawai nawa na kashewa. Don haka na ci dubu 340 daga kuɗin haya. Na je na sami mai gidan da nake haya tun kafin lokaci ya yi, na yi masa bayani, ya yarda in biya kashi biyu. Na sayar da tsohuwar kwamfutata, maiɗakina ta ba ni aron kuɗin adashinta, kuma sai da na yi wata huɗu kafin in gama biyanta. Watannin nan ba su yi daɗi ba. Aikin kansa ya ɗauki kwana 16, a ciki har ranar asibitin Hajiya ta zo, sai motar Yaya na aro, na kuma sha gori.

Bayan an tayar da ita na yi tafiyar kilomita 1,000 ta farko a hankali, ba gudu, ba lodi, sannan na yi juye na canza matatar mai. Yanzu duk safiya kafin in fita sai na zaro sandar awon mai na duba, na leƙa robar ruwa. In zan yi doguwar tafiya ina soka na'urar nan, in ɗora waya a gabana tana nuna min zafin inji da lamba. Yawanci tsakanin 84 da 96 yake tsayawa, kuma na saita manhajar ta yi ƙara in ya wuce 103. Allurar mota ba ta cika motsawa da wuri ba, lambar waya tana riga ta.

TO, NA YI DAIDAI?

Wata tara ke nan. Ba hayaƙi, ba ta shan ruwa, man da take ragewa tsakanin juye da juye bai kai rabin lita ba. Amma ba zan ce muku kowa ya sauke inji ba. Ni abubuwa huɗu ne suka haɗu min: awo ya nuna inda ciwon yake, gangar inji da karanshaf sun tsira, giya da shasi suna da sauran rai, sannan kuɗin gyaran bai kai ko rabin giɓin da zan cike in na canza mota ba. Da ɗaya daga cikinsu ya rushe, musamman giya ko shasi, da na sayar da ita a miliyan 2.3 ɗin nan na haƙura da adaidaita zuwa wani lokaci.

Har yanzu Yaya yana nan kan bakansa. Duk sanda muka haɗu sai ya ce, "Ya jikin mara lafiyar?" Wataƙila wata rana maganarsa ta tabbata, don mota mai shekara ashirin ba a yi mata alƙawari. Na dai buɗe wani asusu daban ina jefa dubu 20 duk wata da sunan giya, saboda na san ita ce ta gaba a layi.

Ranar Alhamis da ta wuce na kai Hajiya asibiti. Muna hanya ta ce, "Motar nan ta daina warin nan da take yi." Na ce an gyara ta ne, Hajiya. Ta ce to Allah ya sa albarka, amma a gyara mata na'urar sanyi kafin zafi ya dawo.

Wanda ya taɓa sauke inji ko ya ɗora na Beljiyam, ya gaya mana yadda ta kaya da shi a ƙasa, da irin motar da shekarunta, don wani ya amfana. Wanda kuma wutar cek ɗinsa ke kunne yanzu haka, don Allah kada ya yi irin nawa, ya nemi na'urar nan ya karanta tun abin bai yi nisa ba.